Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin

Sha ɗaya na dare ta gota lokacin da na ɗaure noti na ƙarshe. Na miƙe da ƙyar, bayana kamar an kirɓa a turmi. Autanmu yana tsaye da waya a hannu yana ɗauka, don tun da rana na faɗa masa wannan bidiyon sai ya hau sitatus. Na yi bisimilla, na danna maɓallin kunna kwamfutar da na haɗa.

Shiru.

Na sake dannawa, wannan karon na riƙe. Ko motsi. Fanka ba ta juya ba, ko ƙyallin fitila babu, kamar dutse na danna.

"Yaya, in tsayar da ɗaukar ne?"

"Tsayar mana, kai ma ka tsaya tambaya."

Sana'ata haɗa bidiyon biki ce, da zanen katin gayyata da kalandar ango da amarya. Shekara huɗu ina fama da wata laftof 'yar gwanjo. In na sa ta fitar da bidiyon kamu na minti ashirin, sai in je sallar isha'i, in ci tuwo, in zauna majalisa a bakin layinmu nan Unguwar Dosa, in dawo in tarar ko rabi ba ta yi ba, ga zafi kamar a soya ƙwai a kanta. Da kwasata ta zo a adashi, na haɗa da abin da Yayarmu ta ranta mini, na ce kwamfutar tebur zan haɗa da hannuna kafin bukukuwan Disamba su kankama. Ba don babu haɗaɗɗu a kasuwa ba, suna nan jibge, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama yayinsu. Amma na kalli bidiyon haɗa kwamfuta a YouTube ya fi a ƙirga, har na fara ganin abin bai wuce haɗa gadon katako ba.

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD, da ram biyu, ma'ajin wucin gadi na aikin da ake kai, masu giga 8 kowanne, da ɗan SSD na ajiye fayil, irin siririn nan mai kama da cingam da ake kwantarwa a jikin madabod, wato bod, babban faifan da duk kayan ke hawa kansa, duk daga Legas suka zo. Wani Alhaji ne da ke da shago a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya aiko, abokin mijin Yaya ne tun suna makaranta, na je na karɓo saƙon a tashar Mando. Madabod kuwa, B450, a nan Kaduna na saya, sabo dal a kwalinsa, a wani shago kusa da babbar kasuwa. Na tambayi mai shagon ko zai ɗauki firosesata, ya ce, "Gurbin AM4 ne ai, daram za ta zauna." Katin hoto, mai aika hoto zuwa allo, GTX 1660 Super, na hannu ne daga wajen wani abokina mai buga gem. Sai fawafak, mai raba wa kayan wuta, mai wat 550, da kesin, wato akwatin da ake zuba su duka.

Abin da na yi daidai a daren nan bai da yawa, don haka bari in faɗe shi. Hunturu ne, iska ta bushe ƙarau, irin lokacin da in ka ja bargo cikin duhu kake ganin tartsatsi, ka taɓa ƙofar mota ta ja ka. Wannan 'yar wutar jiki tana iya lalata ƙananan kayan cikin kwamfuta ba tare da ka ji komai ba. Sai na naɗe kafet, na cire rigar sanyi, na yi aikin a kan tebur, ƙafa ba takalmi a kan siminti, kuma kowane lokaci sai na taɓa ƙarfe kafin in ɗauki wani abu.

Daren farko fawafak na zarga. Na duba ɗan makunnin da ke bayansa, yana kan 1, ba 0 ba. Na canja soket, na ciro wayar monita na sa masa, tunda bakinsu ɗaya. Shiru. Sai na tuna gwajin da na taɓa gani. Na cire dukkan wayoyinsa daga jikin bod, na samo kilif na takarda na lanƙwasa, na ɗauki babbar wayar nan mai baki 24, na sa kai ɗaya a ramin koriyar waya, ɗaya kan a ramin baƙa da ke kusa da ita. Koriyar ita ce ke ba fawafak umarnin tashi, baƙar kuma ƙasa ce, in ka haɗa su ka yi abin da bod ke yi ke nan in an danna maɓalli. Na kunna daga bango, fankarsa ta fara juyawa a hankali. Lafiyarsa ƙalau, ko aƙalla yana da rai. Wanda wayoyin nasa duk baƙaƙe ne, kada ya yi canke, ya nemo zanen ramukan ya ƙirga. Na 16 ake nema. Kuma tunda maganar fawafak ake, in na gwanjo ne daga Amurka a duba bayansa, wasu tsofaffin suna da wani jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji, sai ƙauri.

Na kwanta wajen ƙarfe biyu, ban yi barcin kirki ba.

Bayan asuba, hankali ya ɗan dawo jiki, na ɗauko ɗan littafin da ke cikin kwalin bod, wanda jiya na ture gefe don ina ganin na wuce nan. A kusurwar ƙasa ta bod akwai wasu allurai guda tara a jere biyu, nan ake cusa siraran wayoyin da suka taho daga gaban kesin: ta maɓallin kunnawa, ta maɓallin sake tayarwa, da na fitilu biyu. Kowace da gurbinta, rubutun kuma ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata. Na haska tocilan waya na gwada da zanen littafin. Ashe wayar kunnawa a gurbin fitila na cusa ta. Wato jiya duk dannawar da nake yi, ƙofar maƙwabci nake ƙwanƙwasawa. Na zare su duka, na ɗauki sukudireba na taɓa allurai biyun kunnawa da bakinta lokaci ɗaya, ɗan taɓi kawai.

Fankoki suka tashi gaba ɗaya. Wallahi sai da na yi tsalle. Na ƙwala wa Auta kira ya zo da waya.

Ya zo, ya saita, muka zuba wa monita ido. Ta haska, ta rubuta cewa ba ta ganin saƙon komai, ta koma baƙa. Muka jira minti ɗaya, biyu, biyar. Fanka na ta juyawa abinta, allo baƙi ƙirin. Auta ya sauke wayar da kansa, wannan karon bai tambaya ba.

Nan na shiga kwana biyun da ba zan manta ba. Abu na farko da na gano, wayar HDMI a bayan bod na cusa ta, a sama, inda ramukan USB suke. Ramin yana nan, ya kuma karɓi wayar, amma ba abin da zai fito ta nan, domin 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta. 'Yar'uwarta mai harafin G a ƙarshe, 5600G, ita ce ke da shi. Ni tawa sai ta katin hoto, wanda ramukansa ke can ƙasa a kwance. Na mayar da wayar can ina dariyar kaina, na tabbata an gama. Na kunna. Baƙi.

Sai a lokacin na lura da wasu ƙananan fitilu huɗu a gefen bod, kusa da babbar waya. An rubuta wa kowace suna: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Ta farkon tana ci ja-wur, ba ta ƙyaftawa. Littafin ya ce in an kunna kwamfuta, bod yana bin kayan ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa da su, firosesa tukuna, sannan ram, sannan katin hoto, sannan inda Windows yake, kuma duk inda aka ƙi amsa masa sallama nan fitilar ke tsayawa. Tawa a ƙofar farko ta tsaya.

Da na yi tunani a tsanake, da nan zan tattara hankalina. Amma ina! Na shiga intanet, kowa da maganinsa, ni kuma na yi ta sha ba tsari. Na duba wayar nan mai baki 8 da ke kai wa firosesa wuta, can saman bod, wadda mutane da yawa ke mantawa ko su ruɗa ta da ta katin hoto mai rabuwa shida da biyu. Tawa tana nan daidai. Na cire ram na mayar, na sa ɗaya, na sa ɗayan, na canja gurbi, na koma gurbi na biyu da na huɗu kamar yadda littafi ya ce. Na zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na jira minti biyar don bod ya manta duk saitin da ya riƙe, na mayar. Na kwance bod ɗungurungum daga kesin na ɗora shi a kan kwalinsa, ko wani ƙarfe ne ke taɓa bayansa. Laifina a nan, sau da yawa abu biyu ko uku nake canjawa a tashi ɗaya kafin in kunna. Ko da ta tashi ba zan san wanne ne ya gyara ba, da ba ta tashi ba kuma ban san wanne na kawar daga zargi ba. Zuwa dare na biyu, in ka tambaye ni me na gwada me ban gwada ba, sai dai in sosa ƙeya.

Daga ƙarshe na ce bari in ciro firosesar in gani da idona. Na kwance notuna huɗun fankarta, na ja sama. Ta ƙi. Na ƙara ƙarfi. Sai ji na yi ɓas, fankar ta taho, na kalli gurbin da ke kan bod, wayam. Firosesar ta biyo fanka, manne a gindinta, alhali ɗan ƙarfen da ke kulle ta yana nan a kulle. Man nan mai ruwan toka da ake shafawa tsakaninsu ne ya kama kamar gam, ga sanyin hunturu ya ƙara daskarar da shi. Gumi ya keto mini a cikin wannan sanyin. Irin wannan firosesa allurai ne a cikinta, guda 1331, sirara kamar gashi, a jere kamar shukar albasa. Na murza ta a hankali ta rabu da fankar, na ɗaga ta saitin taga ina karkatawa. A layin gefe, allurai biyu sun sunkuya.

Kusan awa ɗaya na yi a kansu. Na zira sabuwar reza tsakanin layukan, ina turawa kaɗan kaɗan, ina ɗauke numfashi, don allurar in ta karye shi ke nan, ba ta da ɗori. Suka miƙe. Na buɗe ƙarfen kullewa, na daidaita ɗan alamar zinaren da ke kusurwarta da alamar da ke kan gurbin, na sake ta, ta faɗa da nauyinta ba tare da na danna ba. Na kunna. Jar fitilar nan tana nan inda na bar ta.

A nan ne shaiɗan ya samu wurin zama. Na ce ai magana ta fito. Fawafak lafiya, bod sabo ne a kwali, ram na gwada kowanne, fitila kuma da bakinta ta ce CPU. Matacciyar firosesa Alhaji ya aiko mini, ko wadda aka dawo masa da ita ya sake rufewa, ya ga ɗan Kaduna ne ba zai iya zuwa Ikeja ya yi rigima ba. Har allurai biyun da ni na lanƙwasa da hannuna, zuciyata ta fara raya mini wataƙila haka suka zo. Ƙarfe ɗaya saura na dare na ɗauki waya na yi masa saƙon murya na kusan minti uku. Ban zage shi ba, an yi mini tarbiyya. Amma na ce, "Alhaji, ban zaci haka daga gare ka ba," na ce kuɗin nan na adashi ne da bashi, na ce Allah yana gani. Wanda ya san Hausa ya san wannan ta fi zagi ciwo. Na tura.

Da safe na je gidan Yaya a Malali don ta ji daga bakina kafin ta ji daga bakin mijinta. Tana ta shirya yara, ta saurare ni har na gama.

"Ka kai wa mai gyara ya duba?"

"Yaya, me zai duba? Duk abin da zai yi na yi."

"Kai da ka fara haɗa kwamfuta shekaranjiya? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Mutumin nan shekara nawa suna tare da Baban su Ummi, ko allura bai taɓa cinye masa ba. Ɗauki kayanka ka kai wa masu abin, in sun ce ta mutu ni da kaina zan kira shi."

Na tare keke napep, na rungumo kesin a cinya kamar mai kai yaro asibiti, muka nufi cikin gari. Akwai wani dattijo da ke gyara a saman wani bene, a ɗaya daga layukan da suka ɓalle daga titin Ahmadu Bello. Kowa Injiniya yake ce masa. Shagon ɗan ƙarami ne, tsofaffin bod rataye a bango kamar kilishi, ga yara biyu masu koyon aiki. Na gaishe shi, na fara zuba bayani tun daga kilif. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ɗaga hannu.

"Samari, ka zo da kwalin bod ɗin?"

Allah ya sa a ciki na zubo notuna da littafin. Ya karɓa, ko kesin bai buɗe ba, ya juya kwalin, ya sa yatsa a kan wata 'yar sitika a kusurwa.

"Karanta mini nan."

Sitikar cewa ta yi bod ɗin a shirye yake ya karɓi Ryzen 3000.

"Taka fa?"

"5600 ce, Injiniya."

"To, ka kawo baƙuwa gidan da ba a taɓa jin sunanta ba, ka ce don me maigadi ya hana ta shiga."

Ya yi mini bayani yana shan shayinsa. A jikin kowane bod akwai ɗan guntun ma'aji mai riƙe da wata manhaja da ake kira BIOS, ita ce ke fara farkawa in an kunna, ita ce ke gaisawa da kayan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma firosesar da aka rubuta mata kaɗai ta sani. B450 a 2018 ya fito. Jerin Ryzen 5000 sai a ƙarshen 2020 suka fara fitowa, ita 5600 ɗin ma sai 2022. Gurbin bai canja ba, AM4 ne tun Ryzen na farko a 2017, shi ya sa ta zauna daram kamar yadda mai shago ya faɗa, bai yi ƙarya ba. Bod ɗina sabo ne ta fuskar ba a taɓa amfani da shi ba, amma ya shekara da shekaru a kan kanta, da tsohon karatu a kansa. Waɗanda aka ƙera daga baya da sabon BIOS suke zuwa, sitikarsu 5000 take cewa.

"Ke nan firosesar lafiyarta ƙalau?" Muryata ta yi ƙasa.

"Ban ce ba. Ban gwada ba tukuna. Kai ne mai yanke hukunci kafin a kira shaidu."

Ban gaya masa zancen saƙon murya ba, amma sai na ji kamar ya saurara.

Maganin shi ne a sabunta BIOS. Wasu bod suna da ɗan maɓalli a baya da ke yin wannan daga filash ko babu firosesa a kai. Nawa ba shi da shi. Dole sai an sa masa firosesar da ya sani, ya tashi, sannan a koya masa sabuwar. Injiniya ya jawo durowa ya fito da wata Ryzen 3 2200G 'yar 2018, a cikin robar magani, ya ce don irinmu yake ajiye ta, kuma tana da sashen hoto a cikinta, ba ta buƙatar kati. Da ya zo cire fankar tawa, sai na ga ya murza ta hagu da dama a hankali kafin ya ɗaga, ta rabu salin alin. Ya ce in kwamfuta tana tashi ma, gara a bar ta ta ɗan yi ɗumi tukuna, man ya saki. Ya ɗaga firosesata saitin fitila, ya daɗe yana kallon layin gefe, ya kalle ni ta saman tabarau.

"Wa ya yi mata ɗori?"

"Ni ne."

"Hannunka bai da laifi. Haƙuri ne babu."

Ya sa tasa, ya kunna. Fitilar CPU ta haska, ta mutu. Zuciyata ta buga. Sai ta biyun ta kama, DRAM, ta tsaya. Ya sa babban yatsa a kan ram na gurbi na huɗu ya danna, ƙas, ɗan maƙallin ya rufe. A cire-mayar ɗin da na yi ta yi, na bar shi rabi a ciki rabi a waje, kuma ba yadda za a yi in sani, tunda bod bai taɓa wuce ƙofar farko ba balle ya iso nan. Na tsaya ina tunanin da a ce BIOS ɗin daidai yake tun farko, wa zan zarga da wannan kuma. Ya sake kunnawa, fitilun suka bi layi, allon shagon ya kawo tambarin bod. Kwana uku ina jiran ganin wannan hoton.

Na zaci nan take za a yi sabuntawar. Ya sa yaronsa ya sauko da fayil ɗin daga shafin kamfanin da ya ƙera bod, ya sa shi karanta lambar bod ɗin harafi harafi daga jikinsa, ba daga kwali ba, don akwai masu suna kusan ɗaya da BIOS daban. Ya kuma sa ya karanta bayanin da ke ƙarƙashin fayil ɗin, saboda wasu sai an bi ta wani na tsakiya kafin a kai na ƙarshe. Aka zuba a filash da aka yi wa fomatin FAT32. Sannan ya kalli mitar imbatarsa, ya ce mu tafi masallaci.

"Injiniya, ai akwai wuta."

"Akwai yanzu. Ka yi mini alkawarin minti biyar masu zuwa?"

Ya ce yayin da ake sabunta BIOS ana goge tsohon ne ana rubuta sabo, in wuta ta yanke a tsakiya, bod ya tashi ba tsohon ba sabo, ba ya ko iya kunnuwa balle a gyara, sai an ciro ɗan ma'ajin an rubuta shi da na'ura ta daban, in an dace. Shi ba ya yin wannan aikin a kan wutar gari, ko ta janareta, sai a kan batir, batirinsa kuma jiya ya sha aiki, hazo ya hana sola cika shi da wuri. Muka yi azahar, ya saya mini shinkafa da wake a ƙasan benen duk da na ce na ƙoshi, muka dawo muka zauna yana ba ni labarin zamanin da suke gane ciwon kwamfuta da kunne, ta yawan ƙarar da ɗan lasifikar cikinta ke yi. Sai bayan la'asar ya duba mita ya ce bisimilla. Wani layi ya fara tafiya a allo. Ya ce kada wanda ya taɓa teburin. Kwamfutar ta mutu da kanta, ta tashi, ta sake mutuwa, na miƙe tsaye, ya ce zauna. Duka abin bai fi minti biyar ba. Wutar gari kuwa ranar ko ƙyaftawa ba ta yi ba har na bar shagon, na faɗa masa, ya ce ai ba don yau kaɗai ake kafa doka ba.

Ya ciro tasa, ya goge tsohon man da auduga da sifirit, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiyar tawa, ya ɗaure fanka yana bin notunan a gicciye. Ya mayar da katin hoto da wayar wutarsa. Ya ce in danna da hannuna. CPU ta haska, ta wuce. DRAM ta ɗan jima, har na fara salati, ya ce tashin farko haka yake, bod yana auna ram ne. VGA ta wuce. Allo ya kawo. A cikin BIOS, ga sunanta rubuce ɓaro ɓaro, Ryzen 5 5600, ga giga 16 na ram. Fitilar BOOT kaɗai ta rage tana ci, ya ce wannan ba ciwo ba ne, SSD ne babu komai a cikinsa.

Kafin in tafi ya gyara mini abu biyu a nan cikin BIOS. Ram ɗina na 3200 ne amma a 2133 yake tafiya, sai da ya kunna masa XMP, saitin da ke sa shi gudu da cikakken saurinsa. Ya kuma tabbatar wani saitin tsaro da ake kira fTPM a kunne yake, don Windows 11 ba ya hawa sai da irin wannan tsaron, TPM 2.0, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. Na tambayi kuɗin aiki, ya faɗi abin da bai kai kuɗin datar da na ƙona a kwana ukun nan ba.

A gida na ɗora Windows daga filash ba wata matsala. Sai da na jona tsohon hadis ɗina (hard disk), mai ɗauke da bidiyon bukukuwan mutane uku da ban miƙa ba, na buɗe, babu shi. Cikina ya ɗuri ruwa. Har na ɗauki waya, sai na ajiye, na jawo littafin. A shafin ramukan SATA, inda ake jona hadis, da ƙaramin rubutu a ƙasa, an ce in an sa SSD a gurbin M.2, inda nawa yake kwance, rami na 5 da na 6 sun daina aiki, hanya ɗaya suke rabawa. A na 6 na cusa. Na kashe, na mayar da wayar rami na 1, ban taɓa komai ba bayan wannan, na kunna. Ga bukukuwan mutane nan cif.

Saura Alhaji. Na buɗe WhatsApp ko zan iya goge saƙon, na tarar alamar ta riga ta zama shuɗiya tun da safe. Ya saurara, bai ce uffan ba. Na yi ta juya wayar a hannu har aka kira isha'i. Bayan an idar na koma gefen masallaci na kira shi. Muka gaisa, ya tambayi Hajiya, ya tambayi sanyin Kaduna, kamar ba abin da ya faru. Na ce, "Alhaji, na kira ne in ba ka haƙuri. Kayanka lafiya lau suke, bod ɗin da na saya a nan ne tsohon ajiya, sauran kuma hannuna ne. Don Allah ka yafe mini abin da na faɗa."

Ya ɗan yi shiru, ina jin hayaniyar motocin Legas ta bayansa.

"Ta tashi dai yanzu?"

"Ta tashi, Alhaji."

"To alhamdulillahi. Da na ji saƙon na so in tambaye ka wane bod ka saya, sai na ce bari ka huce tukuna. Gobe in za ka sayi wani abu, turo mini hoton kwalin kafin ka biya. Ka gaishe da Yayarka."

Da na dawo ɗaki na tarar Auta a kan kujerata, ya buɗe YouTube a sabuwar kwamfutar. Na ce ya kawo waya a ɗauki bidiyon sitatus ɗin yanzu, tunda abu ya yi kyau. Ya ce ai ya riga ya saka tun shekaranjiya, a zauren 'yan gidanmu, wancan na daren farko, inda nake danna maɓalli ina sake dannawa.